Karin Waƙar da Na Ce Nawa Ne

Zuwa ga yayana Ishaya,

Gaisuwa ta ƙanwa ga yayanta, da ladabi da durƙuso, cikin sunan Yesu Almasihu wanda kake gabansa yanzu. Ba zan tambaye ka gajiya ba, na san inda kake babu ita. Mu muna nan ƙauyenmu na bakin hanyar Cadawa, damina ta yi kyau, gero ya shiga rumbu, gwiwoyina ne kawai suka ƙi ni. Bayan haka, ni ce Hannatu, kuma yau ba labarin gida na kawo maka ba. Akwai maganar da na haɗiye tun ina budurwa, ga shi haƙorana sun zube tana nan a maƙogwaro.

Abin da ya tono ta gardama ce da aka yi a majami'a ran Lahadi. Matasa sun ɗauko karin waƙar wani fim da suke kallo a waya, sun ɗora masa yabon Ubangiji, dattawa suka ce ba a gabansu ba. Aka yi ta sa-in-sa har aka juyo kaina, wai ni ce babba, in raba. Ni da rabona da buɗe baki in yi waƙa tun ranar da aka kawo ka a amalanke! Ɗanka yana zaune cikin dattawan da furfurarsa, ɗan da ba ka gani ba, mai sunanka. Shi zan miƙa wa takardar nan ya karanta a gaban jama'a, ya san abin da ya kashe ubansa, ko da daga ranar ba zai ƙara ce mini Gwaggo ba.

Ka tuna akwatin rediyon da ka dawo da shi daga makarantar Littafi ta can kudu, ƙetaren iyaka, a shekarun da aka ba mu mulkin kai? Bayan la'asar sai ka kafa shi gindin itacen bedi, mu da maƙwabtanmu Musulmi duk mu taru. Yau a ce wata ƙasa ta ɗaga tutarta, ba a jima ba a ce can ana yanka juna. Manyan ƙasashen Turawa suna yi wa juna barazana da makamin da aka ce zai ƙone duniya kafin a gama dama fura. Kai kuwa sai ka cire hula ka bi ƙasashen ɗaya ɗaya da addu'a, sunayensu ma ba ka iya faɗa daidai. Amma da an gama labarai an saki kiɗa, sai ka murɗe kunnen akwatin, ƙit. Kullum maganarka ɗaya: "Labarin duniya mu ji don mu yi mata addu'a, kiɗanta kuwa ta riƙe abinta."

Kai, Yaya, ka iya taurin kai! Ni kuma kiɗa a jinina yake. Ranar da aka kawo maka tsegumin na shiga gaɗa a bikin ɗiyar Malam Sani mai goro, maƙwabcinmu, ka tsayar da ni gaban dattawan ikilisiya, ka sa na tuba da bakina, ka dawo gida ka fasa shantuna a kan turmi. Ban yi kuka a gabanka ba. Amma daga ranar na koyi ɓoye maka abu, kuma na ƙware.

Kana can kudu aka yi zaɓe a nan. Ɗaya daga cikin jam'iyyun tana da waƙarta, motarsu na yawo ƙauye ƙauye da masu kalangu. Kari ne mai shiga jiki. Mu 'yan mata da shi muke daka, da shi muke jan guga. Daga baya jam'iyyar ta faɗi, aka haramta ta, manyanta suka tsere, waƙar ta zama abin da ko fito ba a yi da ita. Kai ba ka taɓa jin ta ba. Ba ka nan aka yi yayinta, da ka dawo kuma an riga an binne ta.

Sai kakar nan ta zo, kakar da rediyo ya sauya murya. Safe da yamma magana ɗaya: 'yan haramtacciyar jam'iyya sun tsallako iyaka da bindigogi, kowa ya sa ido, kada wanda ya buɗe wa baƙo ƙofa, wanda ya ba su ko ruwan sha shi ma nasu ne. Aka yi shela, maza suka fito da gora da barandami da kwari da baka. Mutanen da muka sani ne fa, Yaya, waɗanda muke gaisawa da su a bakin rijiya.

Da idona na ga an zaƙulo wani daga cikin karan dawa. Aka ɗaure ƙafafunsa da igiyar guga a bayan doki, aka ja shi har tsakiyar gari, kafin a isa babu sauran fata a bayansa. Aka shimfiɗa shi a rana, aka kaɗo mu, har da 'yan lakol, yaran makaranta, aka ce mu kalla. Makaɗa na gefe suna kiɗa, suna wasa waɗanda suka kamo shi. Har yau ba wanda ya gaya mini sunansa. Bayan kwana biyu wani Bafillace ya shigo cigiyar saniyarsa, don Hausa ba ta fito masa da sauri ba aka fasa masa kai da taɓarya, mata suka kwashe tulunansu suka gudu. Ran nan ka kasa cin tuwo. Ka ce kiɗan da aka yi a kan mutum yana shure-shuren mutuwa ya fi dukan da aka yi masa muni.

Ana cikin wannan, ni hankalina yana kan Kirsimeti. An ce mata su kawo sabuwar waƙa, ni kuma na ƙudura tawa za a yi. Kalmomin suka zo mini ina surfe: "Mai mulkin gaskiya na tafe, ku tashi ku buɗe masa ƙofa." Na gwada su da duk karin da Turawan mishan suka koya mana, masu jan ƙafar nan, suka ƙi zama. Na ɗora su kan karin da aka haramta, suka zauna daram. Na san na su wane ne. Kada wani mai tausayi ya ce yarinta ce, ban sani ba. Na sani sarai. Na dai rage masa gudu, na ja shi, na ce wa kaina ya sauya kama, ba mai gane shi.

A gonar gyaɗa na rera maka, muna kakkaɓe ƙasa daga saiwa. Ka tsaya da fartanya a hannu, idonka ya kawo ruwa. Ka ce, "Hannatu, ina kika samo karin nan?" Na dubi ƙasa na ce, "Ba wanda ya koya mini, a kaina ya zo." Ka ɗaga hannu ka gode wa Allah da ya yi wa ƙanwarka baiwa. Rabon da ka yabe ni tun kafin shantu. Daɗin da na ji ya rufe mini baki, ka sa na maimaita har ka haddace.

Ran kasuwar Cadawa ka ɗaura buhun gyaɗa a bayan keke. Na san halinka, ba ka taka keke ba waƙa, muryarka kuma ba ta san a hankali ba. Na biyo ka har bakin danga da niyyar in ce kada ka yi ta a hanya. Ka juyo da ƙafa ɗaya a ƙasa ka ce, "Mene ne?" Na tuno shantuna a kan turmi. Na ce ka sayo mini zare.

Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Sani na ji, yana bakin kasuwar da faifan goronsa. An sa samari tsaron hanya, baƙi ne, ba su san ka ba. Ka gangaro kana taka feda, fedar kuwa ta mayar wa karin gudunsa na asali, tsaf yadda masu kalangu suke yin sa. Ga shi kana shelar mai mulki na tafe, a buɗe masa ƙofa, a makon da aka ce duk mai buɗe ƙofa maci amana ne. Suka cusa gora a ƙafar keken, ka kifa, buhu ya fashe. Suka lalube aljihunka suka ciro takardar makarantarka mai hatimin ƙetare. Shi ke nan. Wani ya ƙwala ihu an kama ɗaya, kasuwa ta tashi ta yo kanka.

Ka yi ta ce musu waƙar Almasihu ce, wa zai ji? Da gora aka fara. Aka wawashe itacen mai itace, aka tuge duwatsun murhun masu tuya da zafinsu. Malam Sani ya kutsa yana rantsuwa da Allah ya san ka, ya san ubanka, ɗan mishan ne, bai taɓa siyasa ba. Ya tuɓe rigarsa ya rufa maka, ya kwanta a kanka. Suka karya masa hannun dama wuri biyu, suka ja shi ta ƙafa suka yar. Har ya koma ga Mahaliccinsa hannun bai miƙe ba, da hagu yake miƙa goro yana ba mutane haƙuri.

Kafin jandarma su iso an gama. Shi Malam, da karayarsa, ya nemo amalanke ya kawo ka gida rana tsaka. Da tabon fartanya na babban yatsanka muka shaida ka, don fuska babu. Saratu matarka, da cikinta ya tsufa, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗaki. Ni aka ba rigarka in wanke. Ban san ruwa nawa na zubar ba, ƙwayoyin gyaɗa suna manne a cikin jinin, ina ɓamɓare su da farce.

Fasto ya yi wa'azin gafara a bakin kabarinka, na ji kamar in shaƙe shi. Na wasa wuƙar yankan kuɓewa na soke ta a ƙugu, duk ran kasuwa ina Cadawa ina bin fuskokin maza da kallo. In kama ko ɗaya ne in farke masa ciki, abin da nake roƙo ke nan in na durƙusa, ban ji kunyar Allah ba. Neman wanda ya kashe ka nake yi a kasuwa, alhali kowace safiya ina ganin fuskarta in na leƙa randa.

Malam Sani ya lura. Ya kira ni zaurensa ya ba ni ragowar labarin da ya ɓoye wa Saratu. Ya ce kafin a kai ga duwatsu, babban samarin ya tsayar da duka. Ya tsuguna a gabanka ya rera maka waƙar da kalmominta na asali, don ka san an gane. Ya ce ya ga fuskarka ta sauya, ka fahimta. Sannan aka ce ka faɗi wanda ya koya maka da gidan da ake yin ta, in ka faɗa a kai ka buro, ofishin hukuma, da ranka, a je a ɗauko mai ita. Aka maimaita maka, da gora a kan wuyanka. Ka tofar da jini ka ce, "Ba wanda ya koya mini, a kaina ya zo."

Malam bai dube ni ba da ya faɗi haka. Ya ce, "Ɗiyata, ban san wanda ya rufa wa asiri ba, ba ni kuma tambaya. Ki dai ajiye wuƙar nan, kada ki ɓata masa aikinsa." A kan tabarmarsa na bar ta.

Yayana. Kai da ba ka yarda a ce wa baƙo ba ka gida in kana ciki. Ƙarya ɗaya ka yi a rayuwarka, ita ma tawa ka ara, kalma da kalma. Ka san na yaudare ka, ka sani a lokacin da sunana kaɗai zai fisshe ka, ka haɗiye shi. Shekara da shekaru ina jin ana wa'azin Wanda ya mutu a madadin mai laifi, wasu na gyangyaɗi a kan benci, ni kuwa idona biyu, don na taɓa wanke rigar wanda ya yi irin haka.

Duniyar da ka bari ba ta yi hankali ba. Yanzu ba sai an kaɗo mutane kallo ba, a tafin hannu suke ganin ana kashe ɗan Adam a wata ƙasa, an ɗora kiɗa a kai, su tura wa juna. Ina nan ina bin ƙasashen da addu'a yadda ka koya mini, sunayen nima ban iya ba. Masu gardamar majami'a kuwa, zan ce wa matasan su yi waƙarsu, amma su san inda kari ya fito da abin da yake tuna wa mai jin sa, in an tambaye su kuma su faɗi gaskiya. Dattawan zan ce musu kada su fasa shantun kowa. Kai ma, Yaya, yau zan faɗa maka, ba ka kyauta ba da ka fasa nawa. Ban ce shi ya kashe ka ba, bakina ne. Amma na yafe maka shantu, kai kuma ka yafe mini ranka, in ana yafe irin wannan.

Ya Ubangiji, ka riƙe bawanka Ishaya kusa da kai, kada ka tuhume shi da ƙaryar nan, a kaina take. Ka saka wa Malam Sani da alherin da ya fi hannunsa. Waɗanda suka ɗauki duwatsu, ka ji tausayinsu, yau na iya faɗa da zuciya ɗaya. Ka ba ɗan yayana ƙarfin kaiwa ƙarshen takardar nan, in ya ga dama ya dube ni bayan haka, in bai gani ba ban ga laifinsa ba. Amin.

Ran Lahadi in ya gama karantawa zan dafa sanda in miƙe, in rera ta sau ɗaya da abin da ya rage mini na murya, in faɗi inda na samo karin. Zaren nan kuma, Yaya, ban taɓa bukatarsa ba. Ina da shi a ɗaki ranar, ƙulli biyu. Cewa na zo yi kada ka yi waƙar a hanya.

Ni ce ƙanwarka mai laifi, wadda ka saya da ranka,
Hannatu.