Ƙanin da Ya Dawo a Fim

Lugbe, Abuja

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Baban Hassan da yara. Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na san za ki ce me ya hana ni kira. Na kira, na same ki a gidan biki, maganar kuwa ba ta cikin kiɗa ba ce.

Kin tuna ƙungiyar karatunmu da kike wa dariya, wai matan Abuja sun rasa aikin yi? Bana muka ce littattafan da aka mayar fim za mu riƙa ɗauka. A karanta, a tattauna, sai a zama na gaba a kalli fim ɗin tare, kuma ba mai leƙa shi kafin nan. Wannan watan zaɓi ya zo kaina. Na ɗauko labarin wata yarinya da aka kai wa ƙauyensu hari, ta rabu da ƙaninta wajen gudu, har littafin ya ƙare ba ta sake ganinsa ba.

Ranar Asabar muka zauna a gidan Mabel, ƙawarmu 'yar Jos. Sai ta ce ta ji wai a fim yaron yana dawowa. Yaya, kin san bakina. Na ce 'yan fim sun ɓata labari, wanda ya ɓace shekaru haka ai ya tafi ke nan, a daina yaudarar mutane. Har da buga hannun kujera. Ummukulthum, malamar ɗana Hafizu a makaranta, wadda ni na jawo ta cikin ƙungiyar, ta ajiye kofin zoɓonta, ta ce tana da uzuri, ta fita.

Da aka watse Mabel ta ja ni kicin. Ashe ƙanin Ummukulthum, Badaruddeen, ya ɓace ranar da suka gudo daga Borno. Mahaifiyarsu har yau tana Kuchigoro wajen 'yan gudun hijira, ta ƙi komawa gidan 'yarta, wai in ya zo nema can zai fara dubawa.

Duk zamana da ita ban taɓa tambaya ba. Ina ta kira ba ta ɗauka. Wallahi ina tsoron na rasa ta, ita ce kawai tawa a garin nan.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rukayya

Yaya Rabi'atu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan zazzaɓin Hassan ya sauka.

Na bi shawararki na je gidan Ummukulthum, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na tare ta a bakin makaranta, ta gaishe ni tana ce mini Maman Hafizu, kamar yau ta fara ganina, ta wuce.

Na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na ƙona shinkafa, yau na fita kasuwa na dawo da komai ban da abin da ya fitar da ni. Na roƙi a fasa kallon fim ɗin. Mabel ta yarda, sauran suka ce tsari tsari ne, ba za a rusa shi don bakina ya yi tsawo ba. Na ji haushinsu, amma ina da bakin magana?

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Rukayya

Yaya Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Na ji Inna ta fara takawa, alhamdu lillahi. Yaya yara?

Ummukulthum ta zo kallon fim ɗin. An riga an kunna ta shigo, ta wuce kujeru ta zauna a ƙasa daf da talabijin. Ni rabin fim ɗin ƙeyarta nake kallo.

A ƙarshe yarinyar tana tashar mota, sai wani saurayi mai lodin kaya ya kira ta da sunan da ake kiranta a gida. Mabel ta fashe da kuka. Ummukulthum ba ta yi kuka ba, ta dai ce a maimaita wurin. Aka maimaita, ta ce a ƙara.

Da aka zaga kowa ta faɗi wanda ya fi, duk littafi suka zaɓa, ita kaɗai ta ce fim. Da aka zo kaina na ce a wuce ni.

A bakin mota na fara ba ta haƙuri, ta katse ni. Ta ce in da gaske nake, in ɗauko kwamfutata ranar Asabar in kai ta Kuchigoro, tana so mahaifiyarta ta kalla. Ta ce tsohuwar akwai tambaya, in ta ji daga littafi aka ɗauko, sai ta nemi jin yadda ya ƙare a can.

Yaya, sau biyu na karanta littafin nan, na san shafin ƙarshe kamar na haddace. In ta tambaye ni, zan ce mata ban kai ƙarshe ba tukuna.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Rukayya