Jarkar Maganin Feshi

Zuwa ga ɗana Basiru, a Rijiyar Zaki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ya ƙafa? Allah ya sa ɗorin ya kama. Ka san kunnena ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba Yahya direban tumatir wannan takarda.

Ka daure. Autarka Luba tana asibiti a Bici tun jiya da hantsi. Ruwa ta sha a wata jarka da aka taɓa zuba maganin feshi, sai amai, sai kumfa a baki. Ni da na ga yunwa na ga kwalara, ban taɓa ganin tashin hankali irin wannan ba. Uwarta ta ɗauko manja, ni na ce a kawo nono, yadda muka gada. Sai yayarta Rukayya, amaryar tawa, ta tare mu da rigar nan tata ta ƙungiyar matasan agaji, ta ce, "Kaka, ba abin da za a ɗura mata, shaƙewa za ta yi!" Ta kwantar da ita ta gefe, ta kira mai babur, ta rungumi jarkar don likita ya karanta sunan maganin.

Har yanzu yarinyar ba ta buɗe ido ba. Ka yi addu'a.

Mahaifinka, Dabo.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa da ladabi. Ban iya cin komai ba, ga shi mai ɗori ya ce in na taka ƙafar nan ta lalace. Amma Baba, ba ƙungiyar su Rukayya ce ke bi gida gida tana kwashe jarkokin feshi na gonakin Watari ba? Ita da bakinta ta ce min layinmu aka ba ta. Ta tsaftace gidajen mutane ta bar namu? Ta ajiye rigar nan daga yau. In wani abu ya sami Luba, ban san da idon da zan kalle ta ba.

Ɗanka, Basiru.

*

Basiru,

Sallama da gaisuwa. Kwana uku ke nan, likita ya ce numfashin ne abin tsoro.

Ashe abin da ka faɗa Rukayya ta riga ka faɗa. Jiya ta tsaya gaban Malama Aina'u, shugabarsu, ta ce laifinta ne, ta duba ko'ina a gidanmu ban da ɗakina, don ta ji kunyar ɗaga tabarmar ƙofar kakanta. Ina zaune ina ji, na bar ta a haka ban gyara mata ba.

To ga gaskiyar. Ranar da suka zo kwasa, ni na tura jarkar ƙarƙashin gado. Na ce jarka mai marfi mai kyau haka a kai ta rami a binne? Na wanke ta da toka sau uku, na ce toka ba ta bar komai a tukunya ba, balle roba. Ni na cika ta da ruwa na ajiye a inuwa. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar ta ɗauki kayana a kanta, ni mai furfura ina lissafin yadda zan gaya maka.

In akwai wanda ba za ka iya kallo ba, ga ni. Rigarta kuwa ka bar mata. Ina jin tsoro, Basiru.

Mahaifinka.

*

Baba,

Barka da jinya. Luba ta farka da safen nan, ta ce a cire mata robar numfashin da ke hancinta, kuma tana son ƙosai. Likita ya ce tukuna.

Kaka ya je taronmu da kansa ya faɗi abin da ya yi. Kafin la'asar tsofaffi huɗu sun fito da nasu jarkokin.

Ka rubuto masa, don Allah. Ba ya cin abinci.

'Yarka, Rukayya.