Ƙwayar Gaske ko ta Bogi

Yaya Kaltume,

Assalamu alaikum. Ya Inna da mutanen Unguwar Shanu?

Ina nan Alƙahira lafiya, sai dai ƙafafun sun ƙara sanyi, zuciyar ma ba ta son hawa bene. Kada Inna ta ji.

A asibiti an sa ni cikin masu gwajin wani sabon magani, amma rabinmu ake ba na gaske, sauran ƙwayar bogi. Wai likitan ma bai san wacce nake sha ba! Ni mai zuba miki gishiri a shayi, yau ni ake yi wa. Na tauna, na sansana, na lallaɓi nas, duk a banza.

Ki roƙi Malam addu'a, Allah Ya sa ta gaske ce. Ki ɓoye gishirinki, da ƙafata nake son dawowa.

Ƙaninki,
Sharhabil