Jan Fentin Da Aka Shafa Wa Rufinmu A Sundimina

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Cigaban Unguwarmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Habu Tela, wanda gidansa ke jikin masallacin bakin titi. Na yi ta zuwa ƙofarka ba na samunka, shi ya sa na rubuto a fili, don maganar ta wuce gidana.

Na farko. Da bazarar nan ka tara mu ka ce za a shafa wa rufin gidajen bakin titi jan fenti kyauta, saboda tsatsa ta ci kwanukanmu, kuma manyan baƙi za su wuce. Muka yi godiya. Ɗan kwangilar da ka kawo ya zo da gwangwanaye da aka kankare rubutun jikinsu. Warin fentin ya hana mu cin abinci a tsakar gida. Na ga ɗaya daga cikin masu shafawar ya sauko daga tsani yana amai, da na tambaya, ɗan kwangilar ya ce, "Malam, rana ce ta buge shi."

Na biyu. Ka san ruwan rijiyarmu zartsi gare shi, kowane gida duro yake kafawa a ƙarƙashin indararo. Ruwan farko mun zubar kamar yadda aka saba. Na biyun ya fito garau, sai ɗan maiƙo a samansa. Akuyata mai ciki ta sha a baho, ta yi ɓari, washegari ta mutu bakinta na kumfa. Maƙwabciyata Hajiya Talatu ta kwashe kajinta a mace a gindin indararonta.

Na uku, kuma shi ne ya sa ni riƙe biro. Mahaifiyata tsohuwa ce, ba ta shan ruwan rijiya muddin akwai na sama. Kafin in fahimci abin da ke faruwa ta cika randarta, ta kwana biyu tana sha. Yau cikinta ba ya riƙe abinci, hannunta na rawa har carbi ya gagare ta. Na kai ta asibiti a Birnin Kudu. Da na gaya wa likita ruwan da take sha, sai ya ce kada kowa ya ƙara taɓa duron nan, in kuma kawo yaran gidan a ɗebi jininsu. An ɗiba. Muna jiran sakamako, ƙaramarsu kuwa ta fara kukan ciwon kai.

Na huɗu. Alhaji, gidanka ma a bakin titi yake. Mutane sun ga fentin da aka shafa masa, daga gwangwani mai rubutu ya fito. Ban ce ka san wani abu ba. Tambaya nake yi, kuma unguwa na son jin amsar.

Damina ba ta ma kankama ba, fentin ya fara ɓarewa. Ƙasar da yara ke wasa a kai ta yi ja. Duron alwala na masallaci da randunan makarantar Islamiyya duk daga irin rufin nan suke cika. Na bi gida-gida ina gargaɗi. Wasu sun zubar da ruwansu, wasu sun ce ɓata sunan ƙungiya nake yi, suna ci gaba da sha. Kullum da la'asar hadari na tasowa ta wajen Gwaram. Ni da na tashi ina roƙon ruwa, yanzu in na ji tsawa gabana faɗuwa yake yi.

Ina roƙonka ka tsaya da kanka bayan sallar Juma'a ka hana shan ruwan rufi, don kai za su saurara, ba ni ba. Ka kawo ɗan kwangilar da gwangwanayensa gaban ma'aikatan lafiya. A kankare fentin ko a sauya kwanukan, a kuma samar mana ruwan sha kafin a gama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare zuriyarka daga abin da ya shigo gidana, ya ba ka ikon yin gaskiya. Allah ya sa kada zuwanka ƙofata ya zama na ta'aziyya.

Wassalam.

Habu Tela,
Sundimina.