Jiragen da Aka Nutsar

Ƙanina Sule,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Rabi da yara. Yaya ciwon gwiwarka? Yaya damina? Ni da sauƙi, sai dai zaman ɗaki.

Ranar Asabar ɗanka Kabiru ya tura ni a keken marasa lafiya zuwa wani baje kolin tsofaffin taswirori a Washington. Na ga hanyar da Sifaniyawa suka bi daga bakin teku, ta kan duwatsu, har babban birnin tsohuwar daular Aztek da suka rushe. Kafin su kama hanya, shugabansu ya nutsar da jiragen ruwansu don kada kowa ya sa ran komawa gida. Na daɗe ina koyar da wannan a aji, ban taɓa tunanin sojan da ya tsaya a gaɓa yana kallo ba.

Ranar Litinin likitan zuciya ya ce ba zan ƙara hawa jirgin sama ba. Kabiru ya tashi ya fita, ni kuwa na tambayi ƙa'idar shan maganin.

Saboda haka ka daina share ɗakina kana jirana. Ka ba ɗanka Sani da matarsa su zauna. Littattafaina kuwa ka kai makaranta.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida liman, da duk wanda ya tambaye ni.

Yayanka,
Isa