Bim Ɗin da Ban Gani Ba

Limanti,
Maiduguri.
14 ga Maris, 1987.

Zuwa ga yayata Kaltum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Malam da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, sai kewa. Na fita takaba, kuma atamfar da kika aiko ta iso, Allah ya saka da alheri. Rashida ta koma makaranta, amma har yanzu in ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Ni ma haka, Yaya, sai dai ba na bari ta gani.

Maganar gidan da Baban Rashida ya fara ce ta sa na rubuto. Kin san ya rasu gini ya kai lintal, ga rodi da siminti a jibge, saura zuba dekin, wato rufin kankare. Ƙaninsa Umara ya karɓi aikin, ya ce ba zai bar marayu a gidan haya ba, na yi masa godiya har da hawaye. Aka zuba dekin ina cikin takaba. Ban taka wurin ba, sai labarin da ake kawo mini.

Da na fita aka kai ni. Na shiga falon, na ratsa tsakanin itatuwan da suka tokare katakon da aka zuba dekin a kai, na ɗaga kai, sai na ga sama a shafe kamar faranti. Marigayi kuwa ya taɓa tsayar da ni a nan, ya nuna mini da hannu inda bim zai ratsa, mai kauri, wanda zai ɗauki nauyin ɗakunan sama. Na tambayi Umara ina bim ɗin. Ya yi dariya, ya ce yana nan, a cikin kankaren yake. Wai yanzu ba a barin sa ya sauko ƙasa, faɗaɗa shi ake yi a binne a cikin dekin don falo ya yi kyau. Ya ce in bar wa maza sha'anin gini. Yaya, mu da muka girma a soron Baba, azara a fili take, in gara ta ci ta kowa ya gani. Wannan fa?

Na kasa haƙuri, na je gidan Jonathan, mutumin Biu ɗin nan da yake ɗaura wa marigayi rodi. Ya ce Umara bai yi ƙarya ba, ana yin irin wannan bim, kuma in an yi shi daidai yana riƙewa. Ya ce shi ya ɗaura namu da hannunsa, da manyan rodi. Har na fara jin sanyi, sai ya ƙara da cewa ana gobe za a zuba kankare Umara ya tura shi wani aiki a Konduga, da ya dawo har an gama. Na ce to rodin nan yana ciki? Ya sunkuyar da kai, ya ce ba zai rantse a kan abin da idonsa bai gani ba. Matarsa Edith ta rako ni bakin hanya, ta riƙe hannuna ta ce kada in yi gaggawar tarewa.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke. Marigayi ya shafa wa bakin kowane rodi jan fentin da ake yi wa shanu alama, saboda masu ɗauke-ɗauke. Rannan na bi ta Kasuwar Shanu, na ga shagon da Umara yake ginawa, manyan rodi sun leƙo daga ginshiƙansa, bakinsu ja. Na san ba mu kaɗai muke da jan fenti a garin nan ba. In zato ne, Allah na tuba.

Yanzu Umara ya matsa a cire itatuwan, mu tare kafin damina, a fara ɗora bulo a sama. Jonathan ya ce ana iya sassaƙe wuri kamar tafin hannu daga sama, a ga rodin, a mayar a toshe. Da na faɗa wa Umara, ya ce ranar da kurfin sassaƙa ya taɓa dekin nan na kira shi ɓarawo a bainar jama'a, ba shi ba mu. Shi ne baffan yaran, Yaya, ba su da wani a garin nan. Na juya maganar har na gaji.

Na yanke shawara za a sassaƙa. Don Allah ki roƙar mini Malam ya zo ya tsaya a wurin, kada a ce mace ce ta ƙirƙira. In an ga rodin, zan durƙusa a gaban Umara da duk wanda ya halarta in nemi gafara, ko zai yafe ko ba zai yafe ba. Fushinsa zan iya ɗauka. Na riga na ga an fita da mutum ɗaya daga gidana a makara, ba zan shimfiɗa wa 'ya'yansa tabarma a ƙarƙashin abin da ban tabbatar ba.

Ki gaida Malam, da Goggo, da Audu da iyalinsa, da Sa'adiya amarya. Rashida da ƙannenta suna gaida ku. A ci gaba da sa marigayi a addu'a.

Ina sauraron zuwan Malam.

Ni ce ƙanwarki,
Rakiya.