Surukina Yana Sauya wa Cefane Jaka

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara kafin ranar Asabar. Na ga abin da ban fita nema ba, kuma tun daga ranar tambaya ta hana ni sakat.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Mahaifin maigidana yana zaune tare da mu tun rasuwar matarsa Inna, shekara uku ke nan. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, kuma tun da ya dawo wurinmu ya karɓe cefane, ya ce ba zai zauna yana kallon bango ba alhali yana da ƙafa. Ranar Talata da Asabar yake fita. In ka gan shi da safen nan, ya goge takalmi ya gyara zaman hula, sai ka ɗauka ofis zai koma.

Shi kuma maigidana a kasuwar gwamnati yake aiki, wadda aka buɗe bara don sayar da kayan abinci a kan ƙayyadadden farashi. Shi ne mai kula da allunan farashi, kullum da safe yana zagayawa ya tabbatar abin da aka rubuta shi ake karɓa. Yana son aikin nan kamar shi ya haifi kasuwar. Ko baƙo ya zo gaisuwa sai ya sha bayani kafin ya sha ruwa. Ya kafa doka cewa a gidansa ba za a dafa komai ba sai na can, ya kawo wa Baba korayen jakunkunansu masu tambari. Baba ya karɓa, sai dai ya ce reshen da ke kusa da tasha zai riƙa zuwa, wai ba ya son a ce ana yi masa alfarma don ɗansa.

Na daɗe ina ganin abubuwa ina kau da kai. Albasar kasuwar gwamnati kusan girmanta ɗaya, a raga ake ɗaure ta, amma ta Baba wata kamar kan jariri wata kamar ƙwai. Rasit kuwa ban taɓa gani ba, yau injinsu ba takarda, gobe ya faɗi a mota. Sannan kullum sai na tarar da ɗan ƙullin barkono ko citta a ƙasan jaka, abin da ban rubuta ba. Na san ba a gyara a can, ko ƙwayar wake ɗaya ba sa ƙara wa mutum.

Talatar da ta wuce zare ya ƙare mini a tsakiyar aiki, na shiga tsohuwar kasuwa. Ina ratsa layin masu hatsi sai na ji muryar da na sani tana kiran wani ɓarawon awo. Na laɓe bayan rumfar mai tsintsiya. Baba ne, zaune a kan buhu, ya cire takalmi ɗaya. Mai hatsin tsoho ne sa'ansa, yana ce masa marowacin gidan waya wanda ko tambarin wasiƙa sai ya taya. Baba ya taya, aka ce albarka. Ya miƙe ya sa takalmi ya kama hanya, ya kai wajen taku goma, mai hatsi ya ƙwala masa kira ya dawo ya zauna. Sau uku ana haka, na ƙirga. Makwabtan rumfa suna sa baki, wani yana goyon bayan Baba, wani yana cewa a kore shi. Da aka sallama sai duk suka fashe da dariya. Malam, shekara uku muna gida ɗaya, ban san Baba yana dariya har ya riƙe ciki ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na ƙarshe. Mai hatsin ya juye shinkafa a koriyar jakarmu, ya naɗe bakinta, ya ciro ɗan ƙarfen nan na matse takardu daga ƙarƙashin benci ya matse ta tsaf, yadda ake yi a kasuwar gwamnati. Ashe ajiyarsa yake yi musamman saboda Baba.

Na san komai iya cinikinsa kayan tsohuwar kasuwa sun fi tsada. Na lura a ƙafa ya dawo gida ranar, da jaka biyu, don haka ina zargin kuɗin motar da ake ba shi ne yake cike gibin da su. Gwiwarsa ta dama kuwa ta daɗe tana damunsa. Maigidana ya ga yadda yake dawowa a makare yana ɗingishi, ya ɗora laifin a kan layin reshen tasha, har yana shirin rubuta ƙorafi a kansu. Ya kuma yanke cewa daga Asabar shi zai riƙa kawo cefane in ya tashi aiki, Baba ya huta.

In na yi shiru, an karɓe wa Baba fitarsa a kan dalilin da ba shi ba ne. In na faɗa, na tona asirin surukina a gaban ɗansa, kuma na san halin baban yara in an taɓa kasuwarsa. Bayan wannan duka, ni dai ina son in san dalili. Me zai sa dattijo mai hankali ya bar sauƙi ya bi tsada, har ya haɗa da ɓoye-ɓoye kamar yaro? Ni ce na kasa ganewa, ko tsufa ne?

Taka,
Suruka Mai Son Sani

Ƙanwata Mai Son Sani,

Kafin komai ina jajanta wa maigidanki, wanda na tabbata ya shafe watanni yana cin shinkafar tsohuwar kasuwa yana yabon ta gwamnati. Ba shi kaɗai ba ne. Yawancin masu ƙwaƙƙwaran ra'ayi da na sani haka suke samun hujjojinsu.

Amma kada dariya ta sa mu zalunce shi. Wasiƙarki ta sa na je irin kasuwar tasu na tsaya ina kallo. Na ga wata mata da 'ya'ya uku ta karanta allo, ta duba abin da ke hannunta, ta sayi mai da sukari ba tare da ta roƙi kowa ragi ba, ta fita kanta a ɗage. Wanda bai iya ciniki ba, da mai jin kunyar tayi, da wanda ake ganin rigarsa a ƙara masa kuɗi, duk wannan allon gata ne a gare su. Masana sun cika littattafai da gardama a kan ƙayyade farashi, na karanta wasu har na yi gyangyaɗi, amma ban ga wanda ya musa cewa matar nan ta sami sauƙi ba. Aikin mijinki na kirki ne, kuma damuwarsa da gwiwar mahaifinsa ita ma gaskiya ce.

Sai dai na duba agogo. Daga shigata zuwa fitata minti tara ne, kuma magana biyu aka yi mini, ɗaya a cikinsu "na gaba". Ga wanda aiki ke jiransa wannan ni'ima ce. Baba kuwa babu abin da ke jiransa sai ɗakin da Inna ba ta ciki. Ki lura, a rumfar can in ya miƙe zai tafi akwai mai kiransa ya dawo, kuma akwai masu ra'ayi a kan ko ya zauna ko a kore shi. Yaushe rabon da wani a gidanku ya yi musu da shi? Ina jin ladabi kuka yi masa har ya rasa abokin magana.

Wannan hasashena ne kawai, kuma ni ma abin yana ba ni sha'awa. Mai yiwuwa ne mai hatsin cinikinsa ya ja baya tun buɗe sabuwar kasuwa, Baba yana cikin 'yan ƙalilan da suka rage masa, ya kasa juya masa baya. Mai yiwuwa wurin ne Inna take saye. Ba tsufa ba ne dai. Wanda ya tsara batun reshen tasha hankalinsa garau yake. Mutum ɗaya ne ya san amsar, kuma ɗakinsa yana kallon naki.

Saboda haka kada ki fara da mijinki. Ki sami Baba shi kaɗai, ki gaishe shi, ki ce kin je sayen zare kin gan shi, kuma kin ji daɗin ganinsa cikin nishaɗi. Ki tsaya nan, kada ki yi maganar jaka, ya san kin gani. Sannan ki gaya masa abu biyu da bai sani ba ko yake yi kamar bai sani ba: cewa za a karɓe cefane ranar Asabar, kuma ana shirin kai ƙarar mutanen reshen tasha da ko fuskarsa ba su taɓa gani ba. Tsohon ma'aikaci ba zai yarda a rubuta takarda a kan marar laifi saboda shi ba. Wannan kaɗai zai kai shi gaban ɗansa da ƙafarsa.

Ki tafi da mafita a hannu. Kaya masu nauyi, shinkafa da mai da sukari da sabulu, mijinki ya riƙa kawowa daga wurin aikinsa, gida ya ci moriyar sauƙin, shi ma ya ci abin da yake yabo. Kayan miya da ɗan abin da ba a rasa ba a bar wa Baba, ya sayo inda ya ga dama, a fili, a cikin jakar da ba ta da tambarin kowa. Batun tafiyar ƙafa kuma ba na wasa da shi: kuɗin mota na mota ne, kuma a kai gwiwar nan asibiti cikin makon nan, ko ya yarda da sauran ko bai yarda ba.

In ranar ta zo Baba ya buɗe baki, ki ajiye musu ruwa ki koma kan kekenki na ɗinki, ki taka shi da ƙarfi. Mijinki zai fara da fushi a kan kasuwa, wannan mai wucewa ne. Bayansa zai gane cewa shekara uku mahaifinsa yana kaɗaici a cikin gidansa shi bai lura ba, kuma babu namijin da ke son matarsa ta ga fuskarsa a wannan lokacin.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar ku tare, ya saka miki da alheri a kan sirrin da kika riƙe.